Ba 'Yata Ba Ce

"Sake karanta min," in ji Maame Pokuaa. "Daidai wurin da suka ce na yi ƙarya."

Afrakoma ta sake ɗaga takardar da ofishin shige da fice na Ingila ya aiko. Ko awa biyu ba ta yi da isowa Kumasi ba, akwatinta na tsakar gida ba a buɗe ba. Uwarta na zaune a kujerar baranda, an yi mata wanka an shafa mata hoda a wuya, hannun hagu kwance a cinya kamar kayan wani da aka ba ta ajiya. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye.

Ta karanta sakin layi na bakwai da Turanci, sannan ta juya shi a harshen gida, a hankali.

"Sun ce a takardar neman izinin zama mun rubuta 'ya ɗaya kika haifa, kuma tana Ingila. Amma da suka kira ki a waya suka tambayi mai yi miki girki da wanka, kin ce 'yarki Dufie. Don haka ba su yarda da maganarmu ba. Sun ce kina da mai kula da ke a nan, ba ki da dalilin zuwa ki zauna wurina."

"To ina ƙaryar?"

"Maame, Dufie ba 'yarki ba ce."

A ƙarshen barandar, keken ɗinki ya tsaya. Dufie ta cire fil daga bakinta ta soka a gaban riga. Gajeriyar mace ce mai kauri, ta ba hamsin baya. Shekara goma sha tara da suka wuce ta shigo gidan nan neman ɗakin haya, keke a ka, bayan mijinta ya tafi Abijan bai waiwayo ba. Tun daga ranar ba ta fita ba.

"Boga ta zo mana da sabon labari," ta ce. Haka take kiran Afrakoma, kamar yadda ake kiran duk wanda Turai ta riƙe. "Ki sha ruwa tukuna, Sista Afra, sannan ki raba mu."

"Ba wasa ya kawo ni ba. Wata goma sha huɗu na yi ina tara takardun nan. Rahoton likita har uku. Hoton ɗakin da na gyara mata, da ƙarfen dafawa da na sa a banɗaki. Kalma ɗaya ta rushe su duka."

"Yaron da ya yi tafinta a wayar mai ladabi ne," in ji tsohuwar. "Daga jin harshensa ɗan Mampong ne. Ya tambaye ni, na ba shi amsa. Me kike so in ce masa? 'Yar haya ce ke wanke min jiki? Wace irin mace ce ke barin 'yar haya ta ga tsiraicinta?"

Afrakoma ta ninke takardar gida huɗu. Kafin ranar kiran, ba abin da ba ta koya wa tsohuwar ba: sunayen magunguna, ranar haihuwa, lambar gidan Leeds. Wannan kaɗai bai zo mata a rai ba. A garin nan mai tumatir 'yarki ce, kwandastan mota ɗanki ne. Wa zai zauna ya koya wa mai shekara saba'in da takwas cewa kalmar tana da haƙora?

Likita ya riga ya faɗa wa Afrakoma, bugun shanyewar jiki na biyu na iya zuwa kowane lokaci, kuma na biyu ba ya sallama. Izinin ziyara an hana sau biyu, wai in tsohuwar ta shiga ba za ta fita ba. Ƙofa ɗaya ta rage, ɗaukaka ƙara, kuma hutun mako biyu kawai aka ba Afrakoma daga asibitin da take aikin nas a Leeds.

"Maame, faɗa min gaskiya. Kina son tafiyar ko ba kya so? In ba kya so in huta."

Tsohuwar ta dube ta da idon da ke gani sosai.

"Jikokina biyu, a gilashin waya na san su. Kuma ke na haifa. Hannunki ne zai rufe min ido, ba na wani ba. Kina tambayata ko ina so?"

Keken ɗinkin ya ci gaba da tafiya.

* * *

Sai a bayan kicin, kusa da tankin ruwa, waya ke kamawa da kyau. Nan Afrakoma ta tsaya washegari tana sauraren Lauya Tetteh daga Leeds. Mutumin Accra ne, mai saurin baki, wanda ya shekara ashirin yana irin wannan shari'ar.

"Matsalarmu biyu ce, madam. Ta farko 'yar ƙarama ce. Mama ta yi rantsuwa cewa ba ita ta haifi matar ba, ita ma matar ta yi tata, an wuce wurin. Ta biyu ita ce uwar matsala."

"Ina ji."

"Dokar nan ba ta tambaya ko kina son uwarki. Kowa na son uwarsa. Tambayarta ɗaya: akwai mai kula da ita a can, ko babu? Dangi ko bare, duk ɗaya ne. In alƙali ya ji akwai wata baiwar Allah a ɗakin kusa tana mata wanka safe da yamma, to mu naɗe tabarmarmu."

"Dufie ba nas ba ce. Tela ce. Bayanta na ciwo, da ƙyar take ɗaga ta."

"Kowa bayansa na ciwo, madam. Ni ma nawa na ciwo."

"To me kake so in yi?"

"A'a, ni ba na gaya wa mutum abin da zai yi. Abin da alƙali ke son gani nake faɗa. Tsohuwa ita kaɗai a gida, ba mai miƙa mata ko kofin ruwa. In kika ba ni wannan, zan iya tsayawa in yi magana. Sannan batun hotuna. Wanda kika sa a takardun farko, wa ya ba ki shawara?"

"Me ya same shi?"

"Ta sha leshi da sarƙar zinariya, tana murmushi kamar uwar amarya. Wa ke tausayin uwar amarya? Daga yau komai ya faru a ɗauka yadda yake. Kar a share mata fuska, kar a gyara zani. Kuma kwanan wata ya fito."

Afrakoma ta tuna ranar hoton. Awa biyu aka yi ana ɗaurin ɗankwali, don tsohuwar ta ce Turawa ba za su gan ta kamar wadda ba ta da gata ba.

"Zan turo miki rubutun rantsuwar yanzu," in ji lauyan. "Kar a canja ko wasali."

Ta kashe wayar. Ta cikin tagar kicin tana jiyo su. Dufie na lallashin tsohuwar ta buɗe baki, tsohuwar na cewa kokon ya yi ruwa, ko mahaukaci ba zai sha ba.

"To kar ki sha, Maame. Ni ma na huta da wanke kofi."

"Kawo nan, mara kunya."

* * *

Shagon mai rantsarwa na bayan kotu, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai sayar da gasasshiyar ayaba. Dufie ce ta fito da tsohuwar daga tasi, domin ita kaɗai ta san inda ake kamawa. Afrakoma, wadda ta shekara goma sha shida tana ɗaga marasa lafiya, ta gwada sau ɗaya, uwarta ta ce ta sake ta kafin ta karya mata haƙarƙari.

Owura Ampofo, mai shagon, tsoho ne mai tabarau a kan karan hanci. A teburinsa akwai hatimi, da tawadar dangwale, da Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya yi baƙi don yawan hannu.

"Yau ina da manyan baƙi," ya ce. "Mama, tafiya za a yi? Ki tafi da ni a jaka, ba ni da nauyi."

"Matarka ta yarda?"

"Ita za ta zuge jakar."

Ya karɓi takardar, ya ɗora hannun daman tsohuwar a kan Littafin. Tun da ba ta karatun Turanci, dole ya karanta mata a harshen da take ji kafin ta dangwala.

"Ni, Pokuaa, mazauniyar Bantama, ina rantsuwa cewa 'ya ɗaya na haifa a duniya, Afrakoma."

"Haka ne."

"Cewa matar da ake kira Dufie ba 'yata ba ce, kuma ba mu haɗa komai ba, ko ta jini ko ta aure."

Dufie na tsaye a bakin ƙofa, ta juya tana kallon mai ayaba kamar ba ta taɓa ganin ana gashi ba.

"Rubuta ban haife ta ba," in ji tsohuwar.

"Duk ɗaya ne, Maame," in ji Afrakoma.

"In ɗaya ne, a rubuta nawa."

"Lauya ya ce kar a canja komai."

"Bari mu ji sauran," in ji Owura Ampofo. Ya gyara tabarau. "Cewa ba ni da kowa a ƙasar nan da ke yi min wanka, ko girki, ko ba ni magani."

Tsohuwar ta janye hannunta daga kan Littafin, ta mayar da shi cinya kusa da ɗan'uwansa.

"Wa ya yi min wanka yau da safe?"

Afrakoma ta kawar da kai.

"Tambaya na yi. Ko aljani ne?"

"Maame, takarda ce kawai. Kowa haka yake yi."

"Shekara hamsin ina cikin ƙungiyar matan coci, ban taɓa ɗora hannu a kan Littafin nan na faɗi abin da ba shi ba. Yanzu da ƙafata ɗaya ke cikin rami zan fara? In isa can in tarar takardar nan ta riga ni?"

Afrakoma ta juya ga mai shagon. Ya ɗaga hannuwa biyu.

"Madam, ni hatimi nake bugawa, ba na tura hannun kowa. Makon jiya wani ya rantse a nan cewa ƙaninsa ya girme shi da shekara biyar, ban ce masa uffan ba. Amma da kansa ya ɗora hannun."

Suka kamo hanyar gida a tasi, har suka wuce kasuwar Bantama. Sannan abin ya ɓalle wa Afrakoma.

"Kin san sau nawa na roƙi hutu? Kin san sau nawa na zauna a gaban na'ura ina cike layi ɗaya har idona ya yi ja? Ke kika ce kina son zuwa. Na buɗe ƙofa kin rufe da kalma ɗaya, na sake buɗewa kin sake rufewa. Me kike so in yi, in ɗauke ki a baya in yi iyo?"

"Ki yi a hankali, direba na ji," in ji Dufie.

"Ba da ke nake ba."

Tsohuwar na kallon titi.

"Ba zan rantse a kan ƙarya ba," ta ce. "In gaskiya ce, zan rantse."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Amma maganar ta shiga kunnen Afrakoma ta zauna, kuma har suka isa gida ba ta fita ba.

* * *

Kwana biyu tana juya ta. A rana ta uku da la'asar, tsohuwar na barci, ta sami Dufie a kicin tana niƙa ganyen gwaza a kasko. Ta ɗauki albasa ta ajiye. Ta buɗe tukunya ta rufe.

"Faɗi mana," in ji Dufie, ba ta ɗago ba. "Tun shekaranjiya kike zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

"Na ɗan lokaci ne. Har a yi shari'ar."

"In tashi ke nan."

"Ni zan nema miki ɗakin, duk inda kike so. Da an ba ta izini, ki dawo. Gidan ma wa zai zauna ciki in ba ke ba?"

"Yaushe ne shari'ar?"

"Wata shida. Ko takwas."

"Ko shekara."

Dufie ta zuba manja a kan ganyen, ta ci gaba da niƙa.

"Wa zai zauna da ita?"

"Ba wanda zai zauna. Shi ne maganar. Mai koko ta bakin titi za ta riƙa kawo abinci sau biyu. Matan coci za su riƙa leƙowa bi da bi. Tana iya zuwa banɗaki da sandarta, na gani."

"Kin gani ranar da jikin ya yarda. Akwai ranar da ƙafar ke sandarewa, sai an murza ta da man kaɗe kafin ta taka. Ƙaramin maganin nan fari, in ba a cikin ayaba kika ɓoye shi ba, a ƙarƙashin harshe take ajiye shi ta tofar bayan kin fita. Kuma in ta ce miki lafiya lau, to ki duba ta da kyau."

"Ni nas ce, Dufie."

"Na sani. A Ingila."

Maganar ta same ta a inda ba ta so.

"Kina ganin daɗi nake ji? In bugun nan ya dawo, me za ki yi mata? Ki murza mata man kaɗe? A can, minti goma motar asibiti na ƙofar gidana. Ina so ta rayu ne. Ba ni na rubuta dokar ba."

"Ban ce ke kika rubuta ba."

"Uwata ce."

Sai a lokacin Dufie ta ɗago. Ba fushi a fuskarta, sai gumi.

"Ban taɓa cewa tawa ce ba, Sista Afra. Ita ta ce."

Ta goge hannu a zani, ta ɗanɗana miyar, ta ƙara gishiri.

"Akwai 'yar ƙanwar babana a unguwar Tafo, tana da ɗaki a bayan shagonta. Ba sai kin nema min ba. Amma ke za ki gaya mata. Wannan kam ba zan ɗaukar miki ba."

* * *

Afrakoma ba ta sha wahalar gaya wa uwarta ba. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ce a mayar da ita ɗaki.

Ranar Asabar babur mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Kayan shekara goma sha tara ba su cika shi ba: katifa, akwatin ƙarfe, tukwane, buhun ƙyallaye. Keken ɗinkin aka ɗora a ƙarshe, aka ɗaure da igiya. Inda ya tashi a baranda, ƙafafunsa sun bar ramuka huɗu a siminti.

Dufie ta durƙusa a gaban kujerar tsohuwar.

"Maame, na tafi yawon duniya. Tafo ce, ba Abijan ba. In kika yi kewar mai yi miki koko mai ruwa, ki aiko."

"Tashi ki tafi, rana na yi."

"Ba za ki sa min albarka ba?"

Tsohuwar ta ɗora hannun dama a kanta, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Bakinta ya motsa, amma abin da ta saba kiranta da shi bai fito ba.

"Ki gaida mutanen gidan," ta ce.

Ranar Litinin suka koma bayan kotu. Direban tasi ne ya taimaka aka fito da ita, da ƙyar. Owura Ampofo ya dubi bakin ƙofa, ya ga ba kowa a tsaye, bai yi wasan jaka ba. Ya gaya wa Afrakoma cewa ɗayar matar ta zo da sassafe ta yi tata rantsuwar, ga ta nan a ambulan.

"Mama, in karanta?"

Tsohuwar ta ɗora hannu a kan Littafin da kanta.

"Karanta. Gobe wannan za ta hau jirgi. Yanzu gaskiya ce."

Ya karanta layi uku. Ta amsa uku. Ya kama babban yatsanta ya taɓa tawada, ya danna a ƙasan takardar, ya buga hatimi. Afrakoma ta saka takardar a jaka. Abin da ta zo nema ta samu, har da saura kwana ɗaya a hutunta.

* * *

An sa ranar shari'a wata tara gaba. Lauya Tetteh ya ce sun yi sa'a, wasu na jiran fiye da haka.

Kullum kafin ta fita aiki tana kiran gida. Wani lokaci tsohuwar ta ɗauka, wani lokaci wayar ta yi ta ƙara a inda hannu ba ya kaiwa. In ta ɗauka, amsar ɗaya ce: lafiya lau, da ikon Allah. Matan coci sun yi ƙoƙari a makonnin farko. Daga baya wannan ta yi baƙi, waccan jikarta ba lafiya, wata kuma ta ɗauka ranar wata ce.

A mako na bakwai, wata Laraba, ta kira da safe ba a ɗauka ba. Ta shiga aiki. Da tsakar rana ta zauna a ɗakin hutun ma'aikata, ta buɗe kwanon shinkafarta, ta kunna waya. Saƙon murya daga Dufie, da hoto ɗaya.

"Sista Afra, kar hankalinki ya tashi, tana numfashi. Ɗinki zan kai Bantama, na ce bari in bi ta layin, ba shiga zan yi ba. Sai na ga kwanon koko a bakin ƙofa, ƙuda na bi. Na shiga. A banɗaki na same ta, tun asuba take ƙasa. Goshin ya fashe amma jinin ya tsaya. Da na zo ɗaga ta, cewa ta yi kar in taɓa ta, wai ta rantse. Na ce Maame, ni ma na rantse, sai mu je wutar tare. Na kira tasi, asibiti za mu. Ga hoton, kin ce komai ya faru a ɗauka. Ban share mata fuska ba."

Afrakoma ta buɗe hoton. Uwarta kwance a kan simintin banɗaki, zani ya zame daga kafaɗa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, jini ya bushe daga gira zuwa kunne. Ɗayan idon na kallon wayar. A kusurwar ƙasa kwanan wata ya fito sarai.

Ta daɗe tana kallo. Idon nas ya duba bakin, ya ga bai ƙara karkacewa ba. Faɗuwa ce, ba bugu ba. Sannan, kafin ta san ta yanke shawara, yatsanta ya riga ya tura hoton ga Lauya Tetteh.

Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta zo.

"Sannu, madam, Allah ya ba Mama lafiya. Wannan ya fi duk abin da ke hannunmu. Ki sa a karɓo rahoton asibiti yau. Abu ɗaya: hannun wa ke ƙarƙashin kanta?"

Ta sake buɗe hoton. Ba ta lura da shi ba da farko. Hannu ne mai kauri, gajerun yatsu, ya shiga tsakanin kan tsohuwar da siminti, ya tallafe ƙeya. Zaren ɗinki ja ya maƙale a wuyan hannun.

"Maƙwabciya ce," ta rubuta.

"Za su tambaya wace ce, kuma sau nawa take zuwa. Ni dai ban ce a yi komai ba. Amma hoton da zan sa a fayil, fuskar kawai nake buƙata da kwanan wata."

Wata abokiyar aikinta ta leƙo ta ce gado na huɗu na nemanta. Afrakoma ta ce tana zuwa.

Ta taɓa alamar gyaran hoto. Layuka huɗu suka kewaye uwarta. Ta sa babban yatsa a kan na gefe, ta ja shi ciki a hankali. Zaren ja ya fita. Wuyan hannun ya fita. Yatsun sun fi wuya, don sun shige cikin furfura, sai da ta haɗa da ɗan gefen kunne.

Ta duba abin da ya rage. Kan tsohuwar na nan a ɗage, ɗan nesa da siminti, ba abin da ke riƙe da shi.

Ta tura. Ta rufe kwanon shinkafar, ta wanke hannu, ta nufi gado na huɗu.